Idan Ka Ji Rauni a Aikin Jirgin Ruwa: Yadda Za Ka Bi Haƙƙinka Daga Ranar Farko Har a Biya Ka

Idan inji ya datse wa ma'aikaci hannu a wata masana'anta a Bompai ko Sharaɗa, kafin la'asar yana asibiti, 'yan'uwa sun cika bakin gado, wani ma ya je ya ga wurin da abin ya faru da idonsa. A teku babu wannan gatan. Wanda zai ɗaure maka raunin, da wanda zai rubuta yadda abin ya auku, da waɗanda suka gani, da ejan ɗin da zai ɗauke ka daga tasha zuwa asibiti, duk a hannun mutum ɗaya suke cin abinci, wato mai jirgin da zai biya ka diyya. Ba mugaye ba ne, yawancinsu ma'aikata ne irinka. Amma abin da aka rubuta a kwana ukun farko, a kansa za a yi jayayya bayan shekara biyu, kuma in ba ka sa baki a rubutun ba, wani ne zai rubuta maka labarinka.

Aikin teku ya daina zama baƙon abu a gidajenmu. Tun 2008 hukumar kula da harkokin teku ta Najeriya, NIMASA, take tura matasa daga jihohin Najeriya, har da na Arewa, koyon tuƙi da injiniyancin jiragen ruwa, wasu kuma sun fito daga makarantar Oron ta Jihar Akwa Ibom ko jami'ar harkokin teku da ke Akara. Saboda su da iyalansu na rubuta wannan jagora.

Mataki na farko: tun kafin ka taka jirgi

Takardar kwantiraginka ita ce gonarka. Yarjejeniyar ƙwadagon teku da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a Janeba a 2006, wadda ma'aikata ke kira MLC, ta fara aiki ranar 20 ga Agusta 2013, kuma Najeriya da Gana duk sun rattaba mata hannu a wannan shekarar. Ta ce dole a ba ka lokaci ka karanta kwantiragin, ka nemi shawara in kana so, sannan a ba ka naka na asali mai ɗauke da sa hannun ɓangare biyu. Ta kuma hana kamfanin ɗaukar ma'aikata karɓar kuɗi a hannunka don ya samo maka aiki.

Abu huɗu za ka nema a cikin takardar. Sunan mai jirgi na gaskiya da adireshinsa, ba sunan ejan kawai ba. Tutar da jirgin ke ɗauke da ita, wato ƙasar da aka yi masa rajista. Ko akwai yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago da aka jingina kwantiragin da ita, domin a can ne ake rubuta adadin kuɗin diyya. Sai kuma layin da ke faɗin dokar wace ƙasa za a bi da inda za a kai ƙara, wanda galibi yana can ƙarshe da ƙananan haruffa. Ka ɗauki hoton kowane shafi ka tura wa wanda ka amince da shi a gida. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ranar da aka sauke ka a kan gadon ɗaukar majinyata, jakarka a jirgi za ta zauna.

Wajen gwajin lafiya na ɗaukar aiki kada ka ɓoye tsohuwar cuta. Na san abin da ke sa mutum ya yi shiru: ya shekara yana jiran wannan gurbin, yana tsoron tsohon ciwon baya ya hana shi. To MLC ta bar wa ƙasashe damar sauke wa mai jirgi nauyi a wuri uku: raunin da bai shafi hidimar jirgi ba, raunin da mutum ya jawo wa kansa da ganganci, da cutar da ya ɓoye da gangan lokacin ɗaukarsa. Na ukun nan ne lauyoyin inshora suka fi tonowa, har tsofaffin katunan asibiti sukan nema.

Da ka hau jirgi, ka duba allon sanarwa. Tun ranar 18 ga Janairu 2017 wajibi ne a manna takardun shaidar inshora guda biyu inda kowa zai gani: ɗaya ta mutuwa da naƙasa, ɗaya ta yasar da ma'aikata, wato barinsu ba albashi ba kuɗin komawa gida. Suna ɗauke da sunan kamfanin inshorar da yadda za a same shi. Ka ɗauki hotonsu su ma.

Mataki na biyu: ranar da abin ya faru

Ka faɗa nan take, ko da kana ganin ƙaramin abu ne. A nan kunya da jarunta suke cutar da mu. An tarbiyyantar da mu cewa namiji ba ya raki, sai mutum ya zame a matakalar ɗakin inji, ƙugunsa ya amsa, ya ce ba komai, ya sha maganin ciwon jiki ya koma aiki. Bayan wata biyu ƙafa ta fara mutuwa, ya je ya yi magana, a buɗe littafin jirgi a ga babu ko layi ɗaya. Daga nan sai a ce a gida ya samo ciwon. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ka sanar da shugaban sashenka da jami'in da ke kula da magunguna, ka nemi a shigar da abin a littafin jirgi, a kuma cika takardar rahoton hatsari. Kada ka sa hannu sai ka karanta. Idan an rubuta "ya zame ya faɗi" alhali man inji ne ya malale a wurin tun jiya ba a goge ba, ka ce a ƙara. In an ƙi, ka rubuta da hannunka kusa da sa hannun cewa ba ka yarda da bayanin ba, ga dalili. In zafin ciwo ko allura sun sa ba ka cikin hayyacinka, ka ce sai ka farfaɗo.

Sannan ka tara shaida, ko ka roƙi abokin aiki ya tara maka: hoton wurin kafin a gyara, hoton igiyar da ta tsinke ko ƙarfen da ya karye kafin a jefar, hoton raunin, sunayen waɗanda ke wurin da lambobinsu na gida, domin bayan wata shida ɗaya yana Manila, ɗaya yana Odesa. Ka rubuta ranar, da ƙarfe nawa, da inda jirgin yake, da yanayin teku, da wanda ya ba da umarnin aikin.

Akwai shaidar da ake yawan mantawa, wato takardar awannin hutu. Ƙa'idar MLC ita ce hutun da bai gaza awa 10 ba cikin kowace awa 24, da awa 77 cikin kwana 7. Idan ka yi awa 18 a tsaye kafin igiyar ɗaure jirgi ta make ka, gajiyar nan tana cikin musabbabin hatsarin, kuma alhakinta na kan wanda ya tsara aikin. Sau da yawa takardar hukuma takan nuna komai daidai, don haka ka riƙa rubuta awanninka na gaskiya a ɗan littafinka.

Mataki na uku: jinya

Magani a jirgi da a tudu kyauta ne gare ka. Jirgin da ke ɗauke da mutum 100 ko fiye a tafiyar ƙasa da ƙasa da ta wuce kwana uku ne kawai aka wajabta wa likita, saboda haka a jirgin kaya jami'i ne mai horon agaji zai duba ka. Amma akwai likitocin da ke ba da shawara ta rediyo da tauraron ɗan'adam dare da rana ba tare da kuɗi ba, kamar cibiyar CIRM da ke Rum, wadda take wannan aikin tun 1935. Ka nemi kyaftin ya kira su. Idan raunin na buƙatar a karkata zuwa tasha mafi kusa aka ƙi don gudun asarar lokaci, jinkirin kansa laifi ne da za a iya neman diyya a kai.

Da jirgi ya tsaya, kana da haƙƙin ganin likita ba tare da ɓata lokaci ba. Ka gaya masa duk inda ke ciwo, ba inda ya fi ciwo kaɗai ba, kuma ka tabbata ya rubuta cewa a bakin aiki abin ya faru. Ka karɓi kwafin kowane rahoto da hoton ƙashi da takardar magani.

Rauni ba sai da jini ba. A watan Mayun 2013 jirgin ja mai suna Jascon 4 ya kife a tekun Najeriya, mai dafa abincinsa Harrison Okene ya yi kimanin awa 60 a ƙarƙashin ruwa cikin 'yar iskar da ta maƙale a wani lungu, shi kaɗai ya fito da rai cikin mutum 12. Wanda ya ga irin wannan, ko ya kwana a hannun 'yan fashin teku, yana iya fitowa jikinsa garau amma barci ya gagare shi shekara da shekaru. Firgita da rashin barci da faɗuwar gaba cuta ce da likita ke rubutawa, kuma tana shiga lissafi. Kada a bar ta a "sai addu'a" kawai. A yi addu'ar, a kuma je asibiti.

Mataki na huɗu: ka gane dokar da ke kanka

Jirgi ɗaya yana iya zama mallakar Bagirke, da tutar Laberiya, kamfanin Singafo ke tafiyar da shi, ejan a Legas ya ɗauke ka, raunin kuma ya same ka a Kwatano. Asali dokar tuta ce ke mulkin abin da ya faru a cikin jirgi, shi ya sa sunayen Panama da Laberiya da Tsibiran Marshal suke yawan fitowa, don su ne manyan masu rajistar jirage a duniya. Bayan tuta sai abin da kwantiragi ya zaɓa, sai ƙasar da jirgin yake lokacin da ake son kotu ta kama shi.

MLC ba ta shafi jiragen kamun kifi ba, su da tasu yarjejeniyar ta 2007. Ba ta shafi jiragen yaƙi ba, ko waɗanda ba sa fita daga koguna da tafkuna. Mai aiki a kwale-kwalen fasinja a Kogin Kwara ko Tafkin Chadi dokar ƙasarsa zai bi.

Yanzu batun Amurka, wanda ya kamata a fayyace, domin duk wanda ya bincika intanet tallan lauyoyin can zai fara gani, da maganar miliyoyin daloli. Dokar Jones ta 1920 ta ba ma'aikacin jirgi damar kai ƙarar wanda ya ɗauke shi aiki kan sakaci, a gaban masu taya alƙali yanke hukunci, kuma ko sakacin ɗan kaɗan ne ya taimaka wajen raunin, ya isa. Kotun Ƙolin ƙasar a shari'ar Chandris da Latsis ta 1995 ta ce a ƙa'ida wanda bai kai kashi 30 cikin 100 na lokacin aikinsa a jirgi mai zirga-zirga ba, ba ya cikin waɗanda dokar ta rufe. Masu lodi da sauke kaya a tasha suna da tasu dokar ta 1927.

Sai dai ƙofar ba a buɗe take ga kowa ba. A shari'ar Lauritzen da Larsen ta 1953, ɗan Denmak da ya ji rauni a jirgin Denmak a tashar Habana ya kai ƙara Amurka, kotu ta ce dokar Denmak ce ke kansa. A 1970, a shari'ar Hellenic Lines da Rhoditis, an yarda wa Bagirke ya yi amfani da Dokar Jones saboda cibiyar kasuwancin mai jirgin tana Amurka. Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: tun 1982 dokar Amurka ta toshe wa wanda ba ɗan ƙasar ba kuma ba mazauninta ba hanyar kai irin wannan ƙara idan a aikin haƙar mai da iskar gas ya ji rauni a ruwan wata ƙasa, sai in ya nuna ba shi da wata mafita a ƙasarsa ko ƙasar da abin ya faru. Ke nan ɗan Najeriyar da ke aiki a jirgin hidimar rijiyoyin mai a gaɓar Bonny ko Escravos, ko da kamfanin na Amurka ne, kusan kullum a gida zai nemi haƙƙinsa. Gara ka san haka da wuri da ka ƙi tayin kirki kana jiran abin da ba zai zo ba.

Mataki na biyar: ka raba kuɗin gida uku

A ganina wannan ne zuciyar maganar. Haƙƙin wanda ya ji rauni a teku ba dunƙule ɗaya ba ne, tukunya uku ce, kowace da sharaɗinta. Yawancin waɗanda aka ƙware, an ba su ta farko ne aka ce musu shi ke nan.

Tukunya ta farko ita ce jinya da ciyarwa da albashi, kuma ba ruwanta da waye mai laifi. Tsohon haƙƙi ne ƙwarai, yana cikin dokokin teku na tsibirin Oleron na Faransa tun ƙarni na 12. A ƙarƙashin MLC mai jirgi zai biya magani da asibiti da masauki da abinci muddin kana nesa da gida, har ka warke ko likita ya tabbatar cewa naƙasar ta zauna. Zai biya cikakken albashi muddin kana jirgi ko ba a mayar da kai gida ba, bayan nan kuma cikakke ko wani kaso, yadda dokar tuta ko yarjejeniyar ƙungiya ta tsara. Ƙasa na iya taƙaita wannan nauyi, amma ba ƙasa da mako 16 daga ranar raunin ba. Ka lura, mako 16 ƙasan ma'auni ne. Yarjejeniyoyin ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya, ITF, sukan ba da albashin rashin lafiya har kwana 130 bayan komawa gida, idan kuma hatsari ne, har sai an warke ko an yanke matsayin naƙasa. Kuɗin jirgin komawa gida na mai jirgi ne, haka ma adana kayanka da aiko maka da su.

A Amurka wannan tukunyar tana ci gaba har ranar da likita ya ce magani ya kai iyakarsa. Kuɗin ciyarwar na haya da abinci ne kawai, an daɗe ma ana biyan dala 8 a rana a wasu yarjejeniyoyi. Amma kotunan can suna tsananta wa mai jirgin da ya ƙi biya: tun shari'ar Vaughan da Atkinson ta 1962 ake ɗora masa kuɗin lauya kuma duk shakka ma'aikaci take amfana, a 2009 kuma shari'ar Atlantic Sounding da Townsend ta halatta a ci shi tarar horo idan da gangan ya ƙi.

Tukunya ta biyu ita ce diyyar naƙasa da ke rubuce a kwantiragi. Ita ma yawanci ba sai ka nuna laifin kowa ba. Likita zai auna naƙasar da kaso cikin ɗari bisa jadawali, sai a buga da cikakken adadin da aka rubuta wa muƙaminka. Wannan ba baƙon tsari ba ne ga wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu, inda kowace gaɓa take da ƙimarta, yatsa ɗaya raƙuma goma. A matsayin misali kawai: idan cikakken adadin dala 100,000 ne, likitan kamfani ya ba ka kashi 20, za a ba ka 20,000. Idan wani likitan ya ce kashi 35 ne, bambancin dala 15,000 ne a kan lamba ɗaya. Shi ya sa ba a karɓar awon likitan kamfani ido rufe. A yarjejeniyoyin ITF kana iya kawo naka likitan, in sun saɓa a naɗa na uku da ɓangarorin suka yarda da shi, maganarsa ce ta ƙarshe. Akwai kuma sharaɗin da ke cewa wanda naƙasarsa ta kai kashi 50, ko likita ya tabbatar ba zai sake aikin teku ba a kowane matsayi, cikakken adadin za a ba shi. Ga matuƙin da ya rasa ganin ido ɗaya, wannan layin ne ya raba wani kaso na diyya da cikakkiya. Ka neme shi a takardarka.

Tukunya ta uku ita ce diyyar sakaci, ita ce mafi girma kuma mafi wahalar samu, don sai ka kawo hujja. Hanya biyu ce. Ko ka nuna an yi sakaci: ba a horar da kai ba, ba a ba ka kayan kariya ba, an sa mutum biyu aikin mutum huɗu. Ko kuma, a dokar Amurka, ka nuna jirgin ko kayan aikinsa ba su dace da aikin ba, ko da mai jirgin bai sani ba. A shari'ar Mitchell da Trawler Racer ta 1960, santsin kifi ne a kan ƙarfen gefen jirgi ya kayar da ma'aikaci, kotu ta ce ko lahanin na ɗan lokaci ne, alhakin na mai jirgi ne. Abin da ake lissafawa a nan ya haɗa da albashin da ka rasa, da wanda za ka rasa har ƙarshen shekarun aikinka, da ƙarin girman da ya wuce ka, da kuɗin magani na gaba, da ƙafar roba ko keken guragu, da mai kula da kai, da raɗaɗi da wahalar da ka sha. Idan kai ma kana da kaso a laifin, ba a hana ka duka, ragewa ake yi: in an ƙiyasta asararka 200,000 aka ce rubu'in laifin naka ne, 150,000 za ka samu. Abin da ka riga ka karɓa a tukunya ta biyu ana iya cire shi daga ta uku, amma karɓarsa bai rufe maka ƙofa ba.

Wani zai ce ai ƙaddara ce, me ya kawo shari'a? Ƙaddara ce, babu musu. Amma shari'ar da ta koya mana yarda da ƙaddara ita ce ta wajabta diyya a kan kisan kuskure da raunin kuskure. Kuma kuɗin ba daga aljihun kyaftin ɗin da ya kyautata maka zai fito ba. Ƙungiyoyin inshorar masu jirage da ake kira P&I ne ke biya, 12 daga cikinsu suna rufe kusan kashi 90 cikin 100 na manyan jiragen teku na duniya, kuma don irin ranar nan ake zuba musu kuɗi duk shekara.

Mataki na shida: takardar sallama

Wata rana wakilin inshora zai zo, ko ya kira, cikin ladabi da fara'a, da tayin kuɗi da takarda. A lokacin ka yi wata huɗu a kwance, haya ta taru, kuɗin makarantar yara ya zo. Takardar tana cewa ka karɓi wannan a matsayin biya na ƙarshe, ka yafe duk wani haƙƙi na yanzu da na gaba. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi: shi ya yi irin wannan zama sau ɗari, kai na farkonka ke nan.

Kada ka sa hannu kafin likita ya yanke matsayin raunin, kuma kada ka sa kafin lauya ko jami'in ƙungiya ya karanta. MLC ta faɗa ƙarara cewa a biya diyyar kwantiragi cikakkiya ba jinkiri, kada a matsa wa ma'aikaci ya karɓi ƙasa da abin da aka rubuta, kuma idan auna naƙasar zai ɗauki lokaci, a riƙa ba shi wani abu na wucin gadi don kada ya shiga ƙunci. Wannan na ƙarshen shi ne maganin matsin da kake ciki: ka nemi biyan wucin gadi a rubuce. Rasidin karɓar kuɗi daban, yafe haƙƙi daban. A Amurka, tun shari'ar Garrett ta 1942, mai jirgi ne zai tabbatar wa kotu cewa ma'aikaci ya fahimci abin da ya yafe, amma warware sa hannu ko'ina aiki ne ja.

Ka kuma kula da abin da kake sawa a Facebook. Hotonka a wurin biki kana tsaye da murmushi yana iya zama hujjar cewa ƙugun ya warke.

Mataki na bakwai: inda za ka kai kuka, da wa'adi

Ka fara da tsarin koke na cikin jirgi, wanda dole a ba ka kwafinsa, kuma haramun ne a hukunta ka don ka yi amfani da shi. In bai yi ba, kowace tasha ta ƙasar da ta karɓi MLC tana da jami'an binciken jirage masu ikon sauraren kokenka har su tsare jirgin. A Najeriya NIMASA ce, a Gana hukumar harkokin teku ta ƙasar. Sufetocin ITF suna taimakawa, haka ƙungiyar ma'aikatan teku ta MWUN da ta jami'an jiragen kasuwanci. Layin taimakon ma'aikatan teku na SeafarerHelp kyauta ne, dare da rana. Idan mai jirgi ya yasar da ku, wato ya ƙi mayar da ku gida, ko ya daina ciyar da ku, ko ya yi wata biyu bai biya albashi ba, inshorar da ka ɗauki hotonta za ta biya kuɗin komawa da albashin da bai wuce na wata huɗu ba.

Idan kamfanin Najeriya ne ya ɗauke ka, akwai Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 da hukumar asusun inshorar ma'aikata, NSITF, ke gudanarwa. Ka sanar da kamfani cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto cikin kwana 7, a shigar da buƙata cikin shekara guda. Cikakkiyar naƙasa ta dindindin tana jawo kashi 90 cikin 100 na albashi duk wata. Dokar tana kuma da sharuɗɗa kan zaɓi tsakanin diyyarta da zuwa kotu, don haka ka yi shawara kafin ka cika fom.

A kotu, Dokar Hurumin Shari'un Teku ta 1991 ta ba Babbar Kotun Tarayya ikon sauraren ƙarar rauni da mutuwa, da ikon kama jirgin kansa har sai an ajiye jingina. Wannan shi ne babban makamin ma'aikaci, domin jirgin da aka tsare a Apapa ko Onne asara yake yi kowace rana, nan da nan inshora ke fitowa. Sai dai a 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar jirgin MT Sam Purpose, ta ce ƙarar albashin ma'aikatan jirgi ta Kotun Ma'aikata ce. Kuskuren kotu na iya cinye maka shekaru, saboda haka ka nemi lauyan da shari'ar teku ce sana'arsa, ka tambaye shi ko ya taɓa kama jirgi, ku kuma rubuta kasonsa tun farko.

Wa'adi ba ya jira. Dokar Jones shekara 3 ce, ƙarar rauni a Ingila shekara 3, dokar 1991 ta Najeriya ma shekara 3 idan wata doka ba ta sa wani wa'adin ba. Idan karon jirage biyu ne, ƙarar ɗaya jirgin shekara 2 ce a ƙasashe da yawa. Haƙƙin bin jirgi ko an sayar da shi, a yarjejeniyar duniya ta 1993, shekara 1 ne. Wasu kwantiragin suna da nasu gajeren wa'adin. Ka ɗauki mafi gajarta ka yi aiki da shi, kuma kada "muna duba maganarka" ta sa ka zauna, wasiƙun lallashi ba sa tsayar da lissafin kwanaki.

Idan rai ya yi halinsa

Hajiya, ko ke matarsa ce ko mahaifiyarsa, waɗannan matakan naki ne. Kuɗin jana'iza na mai jirgi ne, da albashin da ya rage, da kayan mamacin. Gyaran MLC da ya fara aiki a Disambar 2024 ya ɗora wa ƙasashe sauƙaƙa dawo da gawa gida bisa buƙatar iyali, don haka ku sanar da kamfani a rubuce tun awannin farko cewa Musulmi ne, ga yadda kuke so a yi. Ku nemi takardar shaidar mutuwa, da rahoton likita, da kwafin abin da aka shigar a littafin jirgi. Diyyar mutuwa a yarjejeniyoyin ITF kashi biyu ce: adadi ga wanda mamacin ya rubuta sunansa, da ƙari ga 'ya'yan da ba su kai shekara 18 ba, shi ya sa za a nemi takardun haihuwarsu da shaidar aure. Kamfani sunan da ke fom kawai ya sani. Yadda za a raba tsakanin magada kuwa, wannan a kai wa malamai ko kotun shari'a, kuma ya fi sauƙi idan tun yana raye ya gaya wa iyalinsa sunan wa ya rubuta da inda kwafin takardun yake.